KAFIN KA CE INJI YA ƘONE, KA AUNA WUTAR DA YAKE SHA

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta kai su sauraren murya ba, da masu son su ajiye su riƙa dubawa.

Yau maganar inji za mu yi, injinan da ke ciyar da mutane: famfon rijiyar burtsatse, injin gyaran shinkafa, injin ɗaure ruwan leda, injin buga bulo, ɗakin sanyi na masu ƙanƙara. Ka zaga Daura, Sandamu, Zango, Baure da Mai'adua, za ka tarar da irinsu a tsaye, an rufe da buhu, ƙura ta hau. Ka tambayi mai shi me ya faru, amsar ɗaya ce: "Ai ya ƙone."

Labarin kuma kusan iri ɗaya ne. Inji ya tsaya, an kira mai gyara, ya buɗe fanel, ya shinshina, ya ce allon ne ya tafi. Mai inji ya hau mota ya bi ta Kazaure da Dambatta ya je Sabon Gari a Kano, ya sayo sabo da kuɗin da ya ranto. An ɗaura. Bayan sati biyu ya sake tafiya. Daga nan sai a ce kayan yanzu ba ƙarko, wani ma ya ce baki ne ya kama sana'ar. Alhali babu wanda ya taɓa ɗora mita ya ga irin wutar da injin nan yake sha.

To abin da nake so mu fita da shi yau ke nan: a auna kafin a canza. Kayan da ya ƙone sakamako ne. Sanadin yana nan a ɓoye yana jiran sabon da za ka sayo.

DOKI DA LINZAMI

Kowane injin zamani wuta iri biyu ce ke aiki a cikinsa. Akwai wutar ƙarfi, wadda ke juya moto ko ta zafafa hita, bolt 230 ko 400. Akwai kuma wutar umarni, 'yar ƙarama, yawanci bolt 24 ta DC, a kan allo kuma 12 ko 5. Ita ce ke cewa tashi, tsaya, tanki ya cika, zafi ya isa.

Mu nan mun san hawan sallah. Ƙarfi na doki ne, amma linzami ke juya shi. In linzami ya tsinke, dokin lafiyarsa lau, sai dai ba zai bi inda ake so ba. Wanda bai gane haka ba sai ya kama doki yana yi masa ɗura. Haka ake ciro famfo daga cikin rijiya, a kai moto wajen masu naɗin koyil, alhali 'yar waya ce ta sake a cikin fanel.

Don haka bincike yana da hanya: daga inda wuta ta shigo, zuwa masu gadi, zuwa wutar umarni, zuwa masu kunnawa da masu kai rahoto, sannan moto a ƙarshe. Kada ka tsallake.

DA FARKO, RANKA

Wutar da ta haura miliamfiya 30 in ta ratsa ƙirjin mutum tana iya tsayar da zuciya, kuma ba ta kai abin da ƙwan fitila na da yake ja ba. In za ka sa hannu, ka kashe bireka, ka sa kwaɗo ko ka tsayar da mutum a wurin. Ka gwada mitarka a inda ka san akwai wuta, ka auna inda za ka taɓa, ka sake gwada mitar. In kuma awon dole sai da wuta a kunne, to aikin wanda ya koya ne: takalmin roba, busasshiyar ƙasa, hannu ɗaya, da wani a kusa.

Kuma kashe wuta ba ya nufin inbata ta huce. A cikin inbata mai fes uku akwai manyan kafasita da ke riƙe kusan bolt 565 na DC bayan an ɗauke wuta. Shi ya sa ake rubuta a jikin murfin a jira, yawanci minti 5 zuwa 15. Ka jira, sannan ka auna. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

MATAKI NA ƊAYA: WUTAR DA KE SHIGOWA

Wutar da KEDCO ke rabawa a Kano, Katsina da Jigawa tana zuwa taransifomar unguwa a bolt 11,000 ko 33,000, taransifoma ta sauko da ita. Abin da ake sa ran gani shi ne kusan 230 tsakanin fes da niyutiral, kusan 400 zuwa 415 tsakanin fes da fes, a hez 50. Yawancin injuna suna jure kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa. Wato 207 zuwa 253 a fes ɗaya, 360 zuwa 440 a fes uku. Ka haddace lambobin nan huɗu.

Sau biyu ake aunawa: inji yana kashe, da lokacin da yake tashi. Moton da ake kunnawa kai tsaye yana jan ninki 5 zuwa 7 na wutarsa a daƙiƙun farko. In ka ga 228 inji na kashe, ana dannawa ta faɗi 170 ta ƙi dawowa, to ba injin ne da laifi ba. Ko waya ta yi siriri, ko ta yi nisa, ko wani haɗi ya sake, ko taransifoma ta yi nauyi. Ka auna a bakin mita, ka auna a bakin inji, duk yana aiki. Bambancin da ka gani, waya ce ta cinye shi. Nan ne wayar nan mai araha, alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, take tona asirin kanta.

Yanzu ga wani abu da ke ruɗa mutane. Abin da muke kira lo-karan, a gaskiya boltej ne ya sauka, karan ɗin kuwa hawa yake. A lissafi mai sauƙi: aikin da ke buƙatar wat 2,300, a bolt 230 amfiya 10 zai ja. In wuta ta sauka 180, aikin bai ragu ba, shinkafar tana nan yadda take, don haka sai ya ja kusan amfiya 13. Zafin da ke cikin koyil kuwa ba a hankali yake hawa ba, a wannan misalin ya ƙaru da sama da kashi 60 cikin 100. Injiniyoyi suna da ƙa'ida: duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙera moto ya ɗauka, yana raba tsawon ran rufin wayarsa biyu. Kun ga ashe ƙaramar wuta ta fi kashe moto a ɓoye.

A fes uku, ka auna sau uku ka kwatanta. Misali ka samu 405, 400 da 365. Ka haɗa ka raba uku, 390 ke nan. Wanda ya fi nisa da 390 shi ne 365, tazara 25. Ka raba 25 da 390, ya haura kashi 6 cikin 100. Ƙungiyar masu ƙera moto ta Amurka, NEMA, ta ce kada a tafiyar da moto in rashin daidaiton ya wuce kashi 5. Kashi 3.5 ma kaɗai yana ƙara zafin koyil da kusan kwata.

Mafi muni shi ne fes ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, kamar in fis ɗaya ya tsinke a taransifoma. Moton da ke tsaye sai ya yi ta gurnani ya ƙi juyawa. Wanda ke gudu kuwa zai ci gaba a kan fes biyu har ya toye. Akwai ɗan rile mai gadin fes da ke kashe inji in haka ta faru, kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin naɗin koyil ba.

Sai tsinkewar niyutiral. Wannan ce ke sa a ce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona kayan unguwa. Alamarta: wani ƙwai ya dushe, wani ya yi haske fiye da kima. Layin da ya kamata ya ba da 230 yana iya hawa ya doshi 400. Allo ba ya daɗewa a haka. In ka ga wannan alamar, kashe komai.

Janareta ma ba a ɗauke masa awo ba. Tun cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da duhun da Arewa ta shiga na fiye da mako guda a Oktoban 2024, kowa ya koma lissafin mai. Sai ka ga an rage wa janareta gudu wai don a yi tattalin dizal. Babban janareta sai yana juyi 1,500 a minti yake ba da hez 50. Ka rage gudu, hez ya sauka, boltej ya sauka, AVR ya shiga wahala, moto ya yi zafi. Abin da ka tara a jarka ka kai wa mai naɗin koyil.

Masu sayen injin kwance daga waje kuma, ku karanta farantin da ke jikinsa. Na Sin yawanci 220 da 380 ne a hez 50, ya dace da mu. Na Amurka hez 60 ne, a nan gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, kuma sau da yawa wutar umarninsa 120 ce. Ka ba ta 230, nan take ta yi hayaƙi.

MATAKI NA BIYU: MASU GADI

Fis, bireka da obalod, aikinsu su faɗi kafin inji ya faɗi. In obalod yana yawan kashe inji, magana yake yi maka. Amma me muke yi? Sai a ce yana damunmu, a yi masa dairek. Fis ya tsinke, a ɗaure shi da wayar keke ko a cusa ƙusa. Obalod kuma a murɗa shi har ƙarshe. Kamar mai gadi ne ya yi ihun ɓarawo, ka tashi ka toshe masa baki ka koma barci.

Ƙa'idar ita ce a saita obalod daidai da amfiyar da aka rubuta a farantin moto. Sannan a ɗauko kilam-mita, mai baki kamar awartaki, a maƙala a kowace waya ɗaya bayan ɗaya. In faranti ya ce 15, kana ganin 19 a duka ukun, to ko wuta ta yi ƙasa, ko boris ya ci, ko bel ya ɗaure da yawa, ko ana ɗura wa inji abin da ya fi cikinsa. In ɗaya ya bambanta da sauran, koma ka duba fes da haɗi. Fis kuma ana gwada shi da mita bayan an cire shi, ba da ido ba, kuma a mayar da irinsa daidai.

MATAKI NA UKU: BOLT 24

A cikin fanel akwai ɗan akwati mai ramuka da ke karɓar 230 ya fitar da 24 ta DC, masu sana'a na ce masa fawa-saflai. Shi ke ciyar da ƙwaƙwalwar inji, wato PLC, da sensa-sensa da rile. PLC tana aiki tsakanin 20.4 zuwa 28.8. Ƙasa da haka sai ta fara abin mamaki: sikirin ya mutu ya dawo, inji ya tsaya haka kawai, lambobi su rikice. Mutane su ce furogiram ya goge, alhali yunwa take ji.

Shi ma ka auna shi da kaya a kansa. Gajiyayyen fawa-saflai zai nuna maka 24 cif in ba a ɗora masa komai ba, rile biyu na kamawa ya faɗi 17. In fitilarsa tana ƙyaftawa, sau da yawa kare kansa yake yi daga wata waya da ta haɗe a gaba. Ka kashe, ka cire wayoyin da ke fita, ka riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta kayar da shi, ita za ka bi.

Me ke gajiyar da shi? Zafi. A ciki akwai kafasita masu ruwa-ruwa, kuma zafi na busar da su. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar Daura yana haura digiri 40 a inuwa, to ina ga cikin akwatin ƙarfe da aka kafe a rana? Ka duba kansu. In ya kumbura ko ya yi tsatsa-tsatsa, sun gama. Sau da yawa su kaɗai ne matsalar allon da aka ce ya ƙone, kuma mai iya riƙe ƙarfen dalma zai canza su. A kan ƙananan alluna za ka ga wani mai ƙafa uku an rubuta 7805. Aikinsa ya ba da bolt 5, amma sai an ba shi aƙalla kusan 7. In abin da ke shiga bai kai ba, kada ka zarge shi.

MATAKI NA HUƊU: MASU KUNNAWA DA MASU RAHOTO

Kwantakta ita ce hannun da ke haɗa wa moto babbar wuta. Koyil ɗinta yana da ƙafa biyu, A1 da A2. An ƙera ta ta kama daga kashi 85 cikin 100 na wutarta, wato kusan 195 ga mai 230. Ƙasa da haka sai ka ji tana kar-kar-kar, tana kamawa tana saki, bakinta na tartsatsi har ya narke. Ka canza goma, in wutar ba ta gyaru ba, goman za su tafi.

Gwajin mai sauƙi ne. A danna maɓallin tashi, ka auna A1 da A2. In wuta ta iso cikakkiya amma ba ta kama ba, kwantaktar ce. In ba ta iso ba, kwantakta ba ruwanta. Umarnin yana bi ta sarƙa ne: maɓallin tsayawa, jan maɓallin gaggawa, ƙafafun obalod masu lamba 95 da 96, makunnin murfi, da tulun da ke yawo a tanki. Ɗaya ya buɗe, duka sun tsaya. Kada ka bi su ɗaya-ɗaya tun daga farko. Auna tsakiyar sarƙar. In akwai wuta, matsalar na gaba, in babu, tana baya. Ka sake raba rabin biyu. Awo uku ko huɗu ka kama ta. Kuma don Allah a daina danna kwantakta da sukundireba don a ga ko moto zai tashi. Ka tsallake duk masu gadi, fuskarka kuma na daf da wurin.

Sensa da yawa suna magana da miliamfiya 4 zuwa 20. An fara daga 4 da gangan, don in ka ga sifili ka san waya ce ta tsinke. A injin ruwan leda kuwa, in leda ta ƙi ɗauruwa, auna hita a kashe: mai wat 500 a bolt 230 ya kamata ta nuna kusan om 106. In ba ta nuna komai ba, ta tsinke. In lafiyarta lau, duba 'yar wayar da ke jin zafi, ko ta sake daga mazauninta.

Kada a raina ido da hanci. Ƙurar hunturu na toshe fanka. Zanzaro na gina ɗaki a kan allo. Ɓera na cin waya. Ƙadangare na shiga ya kwanta a kan fes biyu, kuma dama sai bango ya tsage yake samun wurin shiga, don haka a toshe ramukan da waya ke bi. Sukurun da ya sake yana zafi, za ka ga robar wajen ta canza launi.

MISALI: BURTSATSEN SOLA

Wannan ya fi shafarmu, domin in ya tsaya, mata da yara ne ke komawa ɗaukar jarka, mai noman rani a Daberam kuma yana kallon albasarsa tana bushewa. Inbata kusan kullum tana faɗin ciwonta da lamba a sikirin. Ka ɗauki hoton lambar kafin ka kashe, ka duba littafinta.

Famfo mai fes uku na bolt 380 zuwa 400 yana son kusan 540 na DC daga faranta. In kowane faranti na ba da kusan 41 a bakin aiki, 14 a jere sun ba da 574. Aka sace biyu, aka haɗe sauran, saura 492: famfo zai yi sanyi ko inbata ta yi ta ƙorafin ƙarancin wuta. Haɗi ɗaya ya ƙone a jerin, sifili za ka gani. In kuma ƙura ta lulluɓe su, mita za ta nuna boltej mai kyau, famfo na tashi ya faɗi. Maganin wannan bokitin ruwa ne da tsumma, da sassafe. Da bazara kuma ruwan ƙasa na sauka, inbata ta tsayar da famfo don kada ya yi gudu a bushe. Wannan ba lalacewa ba ce, ceto ne.

Kafin a tara majiya ƙarfi a ciro famfo, a cire wayoyinsa uku daga inbata, a auna tsakaninsu. Ya kamata awon uku su zo kusan ɗaya. Sannan a sa mega tsakanin waya da ƙasa. In ya gaza megom 1, akwai matsala a waya ko a moto, yanzu ciro shi ya halatta. Kada dai a taɓa sa mega a jikin inbata, zai kashe ta.

TO MENE NE NAMU?

In kai ne mai inji, ko kana kwamitin rijiyar unguwa, tambaya uku za ka yi wa mai gyara cikin mutunci kafin ka fitar da kuɗi. Nawa ka auna? Nawa ya kamata ya zama? Me ya kashe wanda ya mutu? Mai gyaran kirki zai ji daɗin tambayar. Ku ajiye littafi a cikin fanel, a rubuta boltej da amfiya ranar da inji ke lafiya, don ranar ciwo a samu abin kwatance. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani lokaci da gaske allon ya ƙone, dole a saya. Ba laifi. Amma a gano sanadin tukuna, a gyara shi, sannan a ɗaura sabo.

Ku kuma 'yan'uwana matasa, ga sana'a a ƙofar gida. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta zo Daura, Jami'ar Sufuri ta zo, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 ta nan ya biyo. Sola kuma kullum ƙaruwa take a gonaki da unguwanni. Duk waɗannan fanel ne da sensa da inbata, kuma duk za su buƙaci mai duba su. In ba mu koya ba, daga Kano ko Legas za a riƙa ɗauko mai gyara, mu biya kuɗin motarsa da masaukinsa.

Jarin farawa bai kai kuɗin wayar da ke hannun wasunmu ba: malti-mita mai alamar CAT III, kilam-mita, sukundireba mai rufin roba, da littafin rubutu. Ka nemi ogan da ya daɗe a harkar ka durƙusa ka koya. Shi yana da hannu da kunnen da ya san kukan inji, kai kana iya karanta zane da littafin kamfani. In aka haɗa biyun, injinan da ke ƙarƙashin buhu da yawa za su tashi.

Wanda ya san mai inji ko mai gyara, ya tura masa. A shiri na gaba za mu zauna a kan yadda ake karanta zanen waya na fanel, layi bayan layi. Sai mun haɗu, a huta lafiya.